Shatin Haƙoran Auta

"Wa ya gani da idonsa?" in ji Yaya.

Mai Ganga yana tsugune a bakin ƙofar ɗakin gwajinsu, yana kwance sandan ƙarfe daga cikin waɗanda ke riƙe gangunansa, kuma duk wanda ke ɗakin ya san ba don gyara yake kwance shi ba. Mai Jita ya jingina da bango, jikin kwalayen ƙwan da suka manna don kada ƙara ta dami maƙwabta, yana ta karkaɗa ƙafa ɗaya.

"Na ce wa ya gani?"

"Yaya, gari duk ya ɗauka," in ji Mai Jita. "Tsohon nan shi ke sayen kayan. Ɓarayi su tare mutum, su fasa masa kai, su kai masa. Ya goge, ya sayar."

"Kai wa ya gaya maka?"

"Mai waldan layinmu."

"Shi ya gani?"

"Surukinsa ne ya gani. Direba ne."

"Me ya gani?"

"An shiga shagon da baƙar jaka."

"Baƙar jaka," in ji Yaya. "Ta shiga shagon mai gyaran kayan busa. Kai, abin ya yi muni. Gobe kuma za a ga takalmi ya shiga wurin mai gyaran takalmi."

Babu wanda ya yi dariya. Ita ma ba don a yi ta faɗa ba.

Kwana takwas ke nan da aka tare Auta. Ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shekara goma sha ɗaya tsakaninsu, kuma daga bakinsa duk ƙungiyar kiɗansu ta ɗauki kiranta Yaya, har Oga, shugaban ƙungiyar, da ya girme ta. Su biyu ne masu busa a ƙungiyar. Ita sakso da kilarinet, shi kuma waɗannan biyun har da sarewar ƙarfe. Ranar Laraba da yamma, rana ba ta ma gama faɗuwa ba, yana tsaye a tashar bas da jakunkunansa uku, mutum uku suka zagaye shi. Bai saki jakunkunan ba. Da rodi suka sa ya saki. Muƙamuƙinsa ya karye wuri biyu, haƙoran sama huɗu suka zube a kan kwalta, kuma mutanen da ke jiran bas suka ja da baya don kada jini ya taɓa musu tufafi. Yanzu yana asibiti, an ɗaure masa baki da waya.

Wanda ba ya busa, haƙoran gaba na murmushi ne a wurinsa, da yagar burodi. Mai busa kuwa a kansu yake dafa bakin kayansa. Duk wanda ke ɗakin ya san abin da aka kwashe wa Auta ya wuce jaka uku.

Mai Ganga ya miƙe. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, kuma shi ya ɗauki Auta a kafaɗa zuwa mota a ranar. Rigar da ya sa har yanzu bai wanke ta ba.

"Yaya, ina ganin girmanki," ya ce. "Amma ke komai sai an kawo miki takarda da hatimi. Ƙaninki fa."

"Ni za ka gaya wa ƙanina ne? Ni na yi masa wanka."

"To ki bar mu."

"Ku je ku yi me? Ku daki tsoho saboda surukin mai walda?" Ta rataya jakarta. "Ji nan. Da ma sarewa zan je nema. Oga ya ce Asabar ta sama akwai waƙa uku da sai da sarewa, in babu mai busa ta a cikinmu zai ɗauko wani ya zaunar a kujerar Auta. Ka san wanda ya zauna ba ya tashi. To ni zan busa. Zan sayi 'yar tsohuwa ta 'yan koyo a wurin tsohon nan, in duba shagon ciki da bai. Kayan Auta ko a duhu na san su. In na ga ko da ƙusa ɗaya, da bakina zan gaya muku. In ban gani ba, ka mayar da ƙarfen nan inda ka ciro shi, kuma kada in sake jin maganar."

Mai Ganga ya dubi Mai Jita.

"Mu raka ki."

"Ku tsaya tsallaken titi. Wanda ya leƙo, ni da shi."

Suka hau bas. Mai Ganga ya zura ƙarfen cikin hannun rigarsa, ya zauna hannun a miƙe kamar mai karaya, har wata mata ta yi masa sannu.

Shagon yana tsakanin mai ɗinki da mai sayar da caja da murfin waya, ɗan ɗaki ne da mutum uku ba za su juya a ciki ba. Warin danƙo da man inji da tsohon tagulla. A bango an rataye ƙahonni marasa maɓallai, a kan tebur ga 'yar fitila mai shuɗiyar wuta, da sukudireba sirara kamar allura, jere bisa tsumma. Mai Gyara yana sunkuye a kan wani kilarinet da ya fede. Tsoho ne ɗan ƙarami, kansa fari fat, tabaransa mai kauri ɗaure da zare ta bayan ƙeya.

"Baba, sannu da aiki."

"Yawwa, sannu 'yata." Bai ɗago ba sai da ya gama murɗa abin da yake murɗawa. Da ya ɗago ma ba fuskarta ya duba ba, hannunta ya duba. "Sakso," ya ce. "Ga kantar babban yatsa nan. Me ya same shi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Sarewa nake so. Ta hannu, ba sabuwa ba."

"Kin taɓa busawa?"

"Yatsun ai kusan ɗaya ne da na sakso."

"Haka dukanku kuke cewa," in ji shi, cikin jin daɗi, kamar wanda aka kawo wa tsohon labarin da yake so.

Ta nuna wata mai sheƙi da ke cikin akwatin gilashi. Ya girgiza kai.

"Ba taki ba ce. Dubi maɓallanta, kowanne da rami a tsakiya, sai yatsa ya rufe shi daidai. Ku masu sakso yatsunku sun saba sauka inda suka ga dama. Za ki kai ta gida, ta ƙi magana, ki dawo ki ce na cuce ki."

Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wani ɗan dogon akwati da kusurwarsa ta ɗaye. Ita ma ta sunkuya tare da shi, wai tana taya shi. Ta ga gwangwanaye, ta ga tsohon murhu, ta ga tsofaffin takalma. Babu jaka.

Sarewar gida uku ce, kai da jiki da ƙafa, kwance cikin shuɗin ƙyalle da ya koɗe. Farin ya ɗan dushe a inda ake riƙewa.

"Ta wata yarinya ce 'yar makaranta," ya ce. "Ubanta ya saya mata. Ta yi wata uku tana hurawa, jiri yana ɗibarta, ta ce ita ba za ta mutu a kan bututu ba. Ta kwana shekara huɗu a saman durowa."

"To ai sabuwa ce."

"Haka ake cewa. Wai kayan 'yan koyo ba su sha aiki ba. Ajiya ta fi busa kashe su. Fatun da ke ƙarƙashin maɓallai su bushe, ƙwari su ci. Guda biyar na canza. Kada ki yarda da ni, gwada."

Ya yago siririyar takardar taba, ya nuna mata: a zura ta ƙarƙashin maɓalli, a danna, a ja. In fatar ta zauna daidai, takardar za ta yi tirjiya ta kowane gefe. Yaya ta karɓa, ta danna.

"A'a, a'a. Sassauta. Kina danna ta kamar za ki kashe kyankyaso. In sai kin matse kafin ta rufe, to tana yoyon iska, kuma ke za ki sha wahalar. Da nauyin yatsa kawai."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana ja, idonta yana yawo. Jakunkuna bakwai a saman kanta. Ta sakson Auta tana da jar igiya a mariƙi, da ƙonewar guga a gefe. Babu ita. Ta ce ko yana da sakso na sayarwa, wata ƙawarta tana nema. Ya sauko da biyu ba tare da ya tambayi komai ba, ya buɗe mata. Ɗaya ya tsufa har ya yi kore, ɗaya na yara ne. Ta ce ko da ruwan sha. Ya ce ta ɗaga labulen baya ta ɗiba. Bayan labulen tabarma ce, da tulu, da rigar ruwa a ƙusa. Ta tsaya nan da kofi a hannu, ta ji kunya ta taso mata tun daga ciki.

Da ta dawo ya miƙa mata kan sarewar shi kaɗai.

"Hura."

Ta ɗora a leɓe, ta hura. Iska kawai, kamar tayar da ta sace. Ta sake. Ta matse baki, ta tura haɓa.

"Kina neman abin da za ki ciza," in ji Mai Gyara. "Babu. Nan ba a cizo, 'yata. Shekara nawa kina cizo?"

"Ashirin da biyu."

"To yau ki huta. Saki leɓen. Kamar ƙwayar shinkafa ce ta maƙale a kan leɓenki, kina so ki tofar da ita ba tare da baƙo ya gani ba."

Ta yi. Wata murya ta fito, siririya, mai rawa, amma murya. Ta riƙe ta har ɗakin ya ɗan juya, ta dafa tebur. Tsohon ya yi dariya har tabaransa suka zame.

"Ga jirin nan. Sati ɗaya zai bar ki."

Suka haɗa ta. Ta hau da sautin, ta sauka, ƙasan ya ƙi, ya gyara mata riƙo da yatsunsa biyu, busassu, masu sanyi, ƙasan ya zo. Suka daidaita a kan kuɗi ba tare da ja-in-ja ba. Ta taga tana hango su a tsallake, Mai Jita zaune a kan dutse, Mai Ganga tsaye da miƙaƙƙen hannunsa. Har ta fara shirya abin da za ta gaya masa, kuma ta yi niyyar ba za ta rage masa ko kalma ɗaya ba.

"Tsaya in ba ki sandar sharewa," in ji tsohon. "Tata ta ɓata. Ina da wata a nan."

Ya jawo durowa. Ya ture tsummoki, da ƙullin zare, da wani abu baƙi da ya gangaro gaba ya tsaya.

Bakin kilarinet ne, wannan baƙin yankin da mai busa ke sawa a bakinsa. Irinsa dubu ne a duniya. Amma a samansa, inda haƙora ke zama, akwai rami biyu, da 'yar tazara a tsakani wadda ba a taɓa ba, domin Auta mai wushirya ne. Ramin hagu ya fi zurfi, domin Auta yana karkata kai in yana busa. Tun yana shekara goma sha biyu take dukan ƙeyarsa a kan cizon nan, bai daina ba.

Ta sa hannu ta ɗauka. A gindinsa an sa sabon zobe, mai laushin nan da ke sa shi ya zauna daram a jikin kilarinet. Fari tas. Har yanzu yana warin danƙo. An gyara shi, an shirya shi, saura mai saye.

Mai busa zai ara maka kayansa gaba ɗaya, ya ara maka rigarsa, amma ban da wannan. Auta kuwa nasa ya fi na kowa. Ba ya ma barinsa a jaka. A aljihun gaban rigarsa yake kwana, naɗe da hankici, ya je da shi aski, ya je da shi gaisuwar mara lafiya. Ita kanta bai taɓa bari ta sa shi a baki ba. Kafin wannan abu ya bar jikin Auta, sai an kwantar da shi a ƙasa an laluba aljihunsa.

"Baba," ta ce. Muryarta ta fito lafiya lau. "Wannan fa?"

Ya matso da shi kusa da tabarau. "Wannan ba na sayarwa ba ne. Mai shi ya kawo."

"Yaushe?"

"Kai, yaushe ne ma? Kwana huɗu. Ko biyar."

"Huɗu ko biyar."

"Bai wuce haka ba. Ranar da aka ɗauke wuta."

"Kullum ana ɗauke wuta. Ya kamanninsa suke?"

"Ni fuska ba na riƙe ta, 'yata. Kaya nake riƙewa."

"Dogo ne? Gajere?"

Ya yi tunani, da gaske, yana so ya taimaka. "Matsakaici dai."

Auta sai ya sunkuya yake shiga ƙofar bas. Kuma kwana huɗu da suka wuce, da biyar, da shida, yana kwance ana ɗura masa ruwa ta tsinke, ita ce ke riƙe kofin.

Sarewar tana hannunta na dama, a haɗe. Ba ta tuna ta yanke shawara ba. Ta dai ji ƙarar, wani ƙas mara daɗi, da zafin da ya hau mata har gwiwar hannu. Ta same shi a gefen fuska. Tabaran suka rabe biyu, rabi ya rataye a zaren. Ya yi baya ya bugi bango, ƙahonni suka zubo masa. Ya ɗaga hannu, ba don ya rama ba, yana laluben fuskarsa.

"'Yata, me..."

Ta ƙara masa. Wannan karon sarewar ta lanƙwashe.

Haske ya toshe a ƙofa. Mai Ganga ne. Bai tambayi komai ba, ya dubi hannunta na hagu. Ta buɗe tafin.

"Na Auta ne," ta ce.

Da wuyan riga ya fizgo tsohon, ta saman tebur. Fitilar ta kife, sukudirebobin suka watse. Ya ja shi a ƙasa har waje, ƙafafunsa suna bugun dokin ƙofa, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki. Mai Jita ya riga ya tsallako, yana ihu tun daga tsakiyar titi.

"Ɓarawo! Mai sayen kayan sata! Ga shi nan!"

Titi ba ya tambayar me aka sata. Kafin Yaya ta fito, mutum goma sun taru, kafin ta sauka daga dakali sun yi talatin. Mai caja, wanda shekara da shekaru suke gaisawa da tsohon kowace safiya, shi ya fara kai ƙafa. Wani mai dako ya ajiye buhun da ke kansa a hankali, don kada ya fashe, sannan ya shigo. Wata mata mai jakar cefane ta cire takalminta mai tsini. Wani ɗan gaye da rigar ofis yana ta cewa shi ma an sace masa waya bara, yana duka yana faɗa, kamar tsohon ne ya ɗauka.

Mai Gyara ya dunƙule. Bai kare kansa ba, bai kare cikinsa ba. Hannayensa biyu ya cusa a hammata ya matse, ya bar musu sauran.

Mai Ganga ya gani. Ya zaro ƙarfen daga hannun riga, ya ture mutane.

"Ina sakson? Ina sarewar yaron?"

"Ban... wallahi ban..."

"Wa ya kawo maka? Faɗi sunansu!"

"Mai shi ne. Mai shi."

"Mai shi yana asibiti, tsohon banza! Ba shi da baki!"

A cikin shago Mai Jita yana zubar da komai. Jakunkuna bakwai suka fito titi ɗaya bayan ɗaya, ana farke su. Akwatin gilashin ya tarwatse. Ya leƙo, gumi yana zuba, idonsa ja.

"Babu! Ya riga ya sayar!"

"Kun ji ko," in ji wani a cikin taron. "Har ya sayar."

Mai Ganga ya durƙusa, ya sa gwiwa a bayan tsohon, ya kamo hannunsa na dama. Da ƙyar ya ɓanɓaro shi daga hammata; Yaya ba ta taɓa zaton akwai ƙarfi haka a jikin ɗan mutumin nan ba. Ya shimfiɗa hannun a bakin dakalin siminti, ya take wuyan hannun da takalmi. Yatsun suka buɗe, suka rufe, suka buɗe.

"Da wannan kake gogewa ko?"

Yaya tana tsaye taku uku daga wurin. Mai Ganga mutum ne da ke jin maganarta. Ko a tsakiyar waƙa ta ɗaga gira, yana sassautawa. Ta san haka. Ta dubi yatsun, ta tuna bakin Auta a ranar, yadda ba a gane leɓe daga dasashi. Ba ta ɗaga girar ba.

Mai kiɗa ne, hannunsa ba ya kuskure. Na farko ya sauka a kan yatsu biyu na tsakiya. Tsohon ya yi wata ƙara da ba ta yi kama da ta mutum ba. Na biyu. A na uku ƙarfen ya taɓa siminti ya yi tartsatsi.

"Ya isa," in ji Yaya. Ita kanta ba ta ji ba.

Na huɗu a kan babban yatsa.

"Na ce ya isa!"

Ba ita ta tsayar da su ba. Mai ɗinki ce, wata gajeriyar mata mai ƙiba, da tef ɗin awo a wuya, ta fasa taron da almakashi a hannu, ta faɗa kan tsohon ta rufe shi da jikinta.

"Sai ku haɗa da ni! Marasa kunya! Kai mai caja, kai! Wa ya kai matarka asibiti da naƙuda? Taɓa shi ka gani in ban farke ka ba!"

Wani ya ce 'yan sanda. Ko da su ko babu, kalmar ta wadatar. Mai dako ya ɗauki buhunsa. Matar ta mayar da takalminta. Mai Jita ya ja Mai Ganga ta lungu, kuma cikin minti ɗaya titin ya koma titi, sai gilashi, da fatun maɓallai a warwatse kamar ɓawon gyaɗa, da jini yana bin tsagin dakali.

Yaya ta ga har yanzu tana riƙe da sarewar, a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ta ajiye ta a bakin ƙofa. Ta tafi.

Ta hau bas. Ta yi ta maimaita wa kanta abin a jere, yadda ta saba. Ba jita-jita ta bi ba. Ita ce ma ta ƙi bi. Ta je, ta duba, ta tambaya, ta ba shi dama har sau uku. Kwana huɗu. Matsakaici. Ba wanda zai ce ba ta bincika ba. Ta matse baƙin abin a tafinta har ya yi mata shati.

Ƙarfe huɗu ake buɗe ƙofar masu dubiya. Tana cikin layi wata motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar gaggawa, aka sauko da mutum a kan tabarma. An naɗe hannunsa da yadin ɗinki mai furanni, ya jiƙe har yana ɗiga. Mai ɗinki tana biye, ba takalmi. Yaya ta juya fuska wajen bango har suka wuce.

A saman bene ta tarar da nas ɗin ɗakin su Auta tana waya da ta ƙasa. Ta ajiye, ta yi tsaki.

"Wai wani tsoho aka kawo, an niƙe masa hannu. Likita ya ce biyu dai sai an cire, sauran sai abin da Allah ya yi. Mutane sun zama namun daji." Ta dubi Yaya. "Naki yau ya sha ruwa sosai. Ki shiga."

Auta yana jingine da filo biyu, ƙafafunsa sun wuce ƙarshen gadon. Kumburin ya fara sauka, fuskar ta koma ruwan ɗorawa da shuɗi. Ta cikin leɓensa ana hango wayar. Ya ɗaga mata yatsu biyu, gaisuwarsa ke nan yanzu.

Ta zauna. Ta jiƙa auduga ta goge masa leɓe, ta gyara filon da bai buƙaci gyara ba.

"Auta, na kawo maka wani abu."

Ta kamo hannunsa, ta sa masa a tafi, ta rufe yatsunsa a kai.

Ya buɗe. Idanunsa suka yi haske irin wanda ba ta gani ba tun ranar Laraba. Ya shafa ramukan biyu. Ya juya shi, ya bi sabon zoben da babban yatsa, a hankali, har ya zagayo, ya gyaɗa kai gwargwadon yadda wayar ta bari. Sannan ya nuna littafin da ke kan durowa, wanda yake rubuta mata abin da yake so.

Ta miƙa masa da biro. Ya rubuta, ya juyo mata.

*Har ya gama? Aikinsa yana da kyau.*

Ta karanta. Ta sake karantawa.

"Wa?" ta ce.

Ya dube ta kamar ta yi tambayar yara. Ya karɓi littafin, ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana rubutu, domin hannunsa bai gama dawowa ba.

*Baba mai gyara. Ni na kai masa ran Litinin, zoben ya tsage. Ya ce in dawo Alhamis. Tsohon bakin kilarinet ɗinki na ɗauka a durowarki na yi aiki da shi, shi suka tafi da shi. Kada ki yi faɗa.*